CIWON DAJIN NONO: ME YA KAI LIMAN CIKIN WANNAN MAGANA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka. 'Yan uwa da dama sun tambaye ni, wasu cikin ladabi wasu da ɗan zafi, me ya sa na ɗauki maganar ciwon dajin nono na hau mumbari da ita, kuma me ya sa nake kiran mutane su sa hannu a aljihu su taimaki ƙungiyoyin da ke wannan aiki. Wani ya ce wannan fagen likitoci ne. Wani ya ce kalmar ma ba ta dace da bakin liman ba. Wani kuma ya ce watan Oktoba da ɗan ƙyallen nan mai ruwan hoda da ake maƙalawa a riga abin Turawa ne, mu ina ruwanmu. Duk tambayoyi ne da suka cancanci amsa, don haka darasinmu na yau ke nan. A yi haƙuri, zai ɗan yi tsawo.

Likita yana ganin farkon cuta da tsakiyarta, mu limamai ƙarshenta ake kawo mana cikin makara. A nan Shagari da ƙauyukan da ke kewaye da mu, idan aka ajiye gawar mace ka tambayi abin da ya same ta, sau da yawa amsar ba ta wuce "ta daɗe tana jinya" ko "daji ne, Malam". Daga nan kowa ya yi shiru. Sai bayan kwanaki mata masu wankan gawa su faɗa wa matanmu abin da idonsu ya gani, matanmu su faɗa mana. Cikin 'yan shekarun da na yi ina limanci na sallaci irin waɗannan bayin Allah fiye da sau ɗaya, kuma ba tsofaffi tukuf ba ne. Akwai wadda ta bar yaron da ba a yaye ba. Mijin wata daga cikinsu, mutumin kirki mai sahun gaba, ya riƙe hannuna bayan mun dawo daga maƙabarta ya ce: "Liman, wallahi ban san tana da wagga cuta ba sai da ɗaki ya fara wari." Fiye da shekara tana ɗaure ƙirjinta da tsumma, tana girki, tana ɗiban ruwa, tana kwana ɗaki ɗaya da shi. Ban ga laifinta ba, kuma ban ga nasa shi kaɗai ba. Tambayar da ta tsaya mini ita ce, wane irin karatu munka yi wa mutane har mace ta ga ya fi mata sauƙi ta ruɓe da ranta da ta buɗe baki?

Kada wani ya ɗauka abu ne na mutum ɗaya ko biyu. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da wannan cuta a duniya, kimanin 670,000 suka rasu. A Najeriya, a wannan shekarar, sabbin kamu sun haura 32,000, waɗanda suka rasu sun haura 16,000. Shi ne ciwon dajin da ya fi kowane yawa a ƙasar nan. Ku lura da wani abu: a ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na matan da aka gano suna da shi suna raye bayan shekara biyar, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Cutar guda ce, ajali kuma na Allah ne, amma sababin da ya raba su sananne ne. Can ana zuwa asibiti ƙullutun bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Nan mafi yawan matanmu sai ya kai mataki na uku ko na huɗu, ya fashe ko ya bazu zuwa ƙashi, huhu ko hanta.

Ke nan abin da ya fi kashe matanmu jinkiri ne. Da na zauna na warware wannan jinkiri, sai na tarar mafi yawan igiyoyin da suka ɗaure shi ba a hannun likita suke ba. Suna hannun maigida, suna hannun malam. Wannan shi ne dalilina na farko kuma mafi girma.

Igiya ta farko kunya ce da aka sa wa rigar addini. Mace ta ji ƙullutu, ta ce in na je asibiti namiji zai duba ni, gara in mutu da mutuncina. Kunya alheri ce, ba mai jayayya. Amma shari'a ba ta bar wannan mas'ala a buɗe ba. Imamul Buhari ya ƙulla babi guda a Kitabuɗ Ɗibbi kan ko namiji zai yi wa mace magani, mace ta yi wa namiji, ya kawo hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz da ke ba da labarin fitarsu yaƙi tare da Manzon Allah (SAW) suna shayar da mutane suna yi musu hidima. A wata ruwayar tasa ta ambaci yi wa masu rauni magani. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na takwas a Burunai cikin 1993, ta jera abin dalla-dalla: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko da ba Musulma ba ce, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai wanda ba Musulmi ba. A buɗe gwargwadon buƙata kawai, kuma ya kasance akwai miji ko muharrami ko wata mace amintacciya a wurin. To ina haramun a nan? Ka nemi likita mace, haƙƙinka ne ka nema. In ba a samu ba, ka shiga tare da iyalinka ka tsaya. Wannan shi ne kishi. Kulle ta a ɗaki har ta mutu ba kishi ba ne.

Wasu suna kafa hujja da baƙar matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri bisa alƙawarin Aljanna, ta roƙi addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa. Hadisi ne ingantacce. Sai dai ita cutarta ba ta da wani sanannen magani a hannun mutane a lokacin, kuma wanda ya ba ta zaɓin Annabi ne (SAW). Wannan Annabin shi ne ya amsa wa larabawan ƙauye, a hadisin Usama ɗan Sharik wajen Abu Dawuda da Tirmizi, da umurnin su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, in banda tsufa. Shi ya sa majalisar da na ambata, a zamanta na Jidda cikin 1992, ta ce hukuncin neman magani yana sauyawa da halin mutum, kuma yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa. Ciwon dajin nono da aka gano da wuri yana cikin wannan babi kai tsaye.

Igiya ta biyu ita ce maganar nan da kowa ya gada, wai "daji ba ya son ƙarfe", da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Na san daga ina ta samo ƙarfi. Mutane sun ga an kai wance asibiti, an yi mata aiki, bayan wata uku ta rasu, sai aka ce ƙarfe ne. Ba a lissafa shekara biyun da ta yi a gida ana shafe-shafe da turare kafin a kai ta. Wadda kuwa ta je da wuri aka yi mata aiki ta warke, ba ta shela, tana cikinmu tana harkokinta, ba wanda ya sani. Sai ya zama matattu kaɗai ke ba da shaida. Ni ina yin ruƙya, ina karanta wa marar lafiya Alƙur'ani, kuma ina da yaƙinin waraka ce. Amma duk macen da aka kawo mini maganarta da ƙullutu a nono, sharaɗina ɗaya ne: a je asibiti cikin makon nan, addu'a tana biye. Malamin da zai karɓi kuɗin mace wata da watanni yana ce mata sammu ne na kishiya, alhali abin yana girma, ya ji tsoron Allah. Ya haɗa laifi biyu, ya jinkirta mata magani kuma ya raba zumunci.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin daula a kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basur. Shehu Usmanu, wanda ya zauna Sifawa nan kusa da Bodinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya yi kakkausar magana kan malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Nana Asma'u kuwa jajis ta riƙa turawa ƙauyuka, mata su karantar da mata. Tsarin 'Yan Taru shi ne ainihin abin da wannan aiki ke buƙata a yau, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da liman ne.

Bari in faɗi alamomin a taƙaice kamar yadda likitoci suke bayani, malaman Islamiyya mata su kai su aji. Ƙullutu ko tauri a nono ko a hammata, wanda sau da yawa ba ya zafi, kuma rashin zafin ne ke yaudarar mutane. Fatar wurin ta lotsa ko ta koma kamar ɓawon lemu. Kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba. Fitar jini ko wani ruwa ba na shayarwa ba. Kaluluwar hammata da ta ƙi sauka. Gyambon da ya ƙi warkewa. Mai ciki da mai shayarwa ma yana kama su, don haka kumburin da aka sha magani bai tafi ba kada a ce ai nono ne ya kwanta. Mafi yawan ƙullutai ba daji ba ne, amma hannu ba ya rarrabewa, sai an yi hoto an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko haɗa shimfiɗa. Kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da ya wuce kasancewarsu mata da ƙaruwar shekaru, saboda haka ba horo ba ne kan wani zunubi. Maza ma yana kama su, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba.

Igiya ta uku ita ce ta fi ci mini rai, kuma ku maza da ku nake. Mata da yawa sun san asibiti, sun san akwai magani. Abin da suke tsoro shi ne ranar da za a ce sai an cire nonon. Ba wuƙar suke tsoro ba, idon maigida suke tsoro. Tana lissafin zai ƙaurace mata, zai ƙaro wata, kishiya za ta samu abin gori, dangin miji za su ce ta zama rabin mace. Kuma ba zargi take yi ba, ta ga an yi wa wasu. Akwai wanda ana sa ranar aiki ya ce ta tafi gidansu ta yi jinya, in ta warke ta dawo, kowa kuma ya san ma'anar wannan magana. Kai bawan Allah, wagga mata da nonon nan ta shayar ma da ɗiya biyar, shida. Ranar da ya zame mata cuta ita ce ranar da za ka juya baya? Kalma ɗaya daga bakinka, "ko an cire ke matata ce, tashi mu tafi", tana iya yin abin da motar asibiti goma ba su yi ba.

Na san wani ɗalibin ilmi zai ce ai a Muhtasar Halil magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba kan miji. Haka ne, shi ne mashhurin mazhaba, kuma haka yake a sauran mazhabobi. Amma a cikin Malikiyya an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa ladan likita da magani suna kan miji. Daga malaman zamani, Shaihu Wahbatuz Zuhaili ya tafi a kan cewa buƙatar magani a yau ta zama kamar buƙatar abinci ko ta fi, don haka tana kan miji. Wannan shi ne abin da zuciyata ta natsu da shi, gwargwadon ikon mutum. Ko mun bar saɓanin gefe, umurnin zama da mata bisa kyautatawa da ke cikin Suratun Nisa'i bai ƙare ranar da ta kwanta ciwo ba.

To amma a yi adalci, akwai mijin da ya yarda, ya tashi, aljihu ya kayar da shi. Nan ne maganar ƙungiyoyi ta shigo. Mu a jihar nan Allah Ya taimake mu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen ciwon daji da na'urar gashi, abin da jihohi da yawa ba su da shi, har daga Kebbi da Zamfara ake zuwa. Likitan da aka naɗa a 2023 ya shugabanci cibiyar ciwon daji ta ƙasa, Farfesa Usman Malami Aliyu, daga wannan asibiti ya fito. Sai dai maganin doguwar tafiya ce. Akwai hoto da gwajin nama. Akwai aiki. Akwai ƙarin ruwan maganin daji da ake kira kemo, galibi duk bayan mako uku, sau shida ko takwas, kowane zuwa da gwajin jininsa. Gashi yakan zube, ya sake tsirowa bayan an gama. Akwai gashin na'ura, kwana biyar a mako har tsawon makonni. Wasu kuma za su ci gaba da shan ƙwaya shekara biyar ko fiye. Yanzu ka ɗora wannan a kan manomin da ke bayan Shagari, wanda zai biya kuɗin mota na mutum biyu ta Bodinga zuwa birni, ya nemi wurin kwana, ya bar gona da yara. Ya sayar da tumaki a zagaye na farko, ya sayar da gero a na biyu, a na uku sai ka ji "Malam, kurɗi sun ƙare, mun dawo gida". Maganin da aka yanke a tsakiya kuwa asara biyu ce. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 bai tsaya kan gano cuta da wuri ba, ya sa burin a tabbatar da ita cikin kwana 60, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala magani.

Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin nono, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda ya fara aiki a 2021 a wasu asibitocin koyarwa. Duk mai jinya ya tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitinsa kan wannan. Muna kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ita ma ƙofa ce da ake ƙwanƙwasawa. Ta ɓangaren ƙungiyoyi, wadda ta fi kusa da mu ita ce gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara, wadda ta shafe sama da shekara goma tana gwajin mata kyauta da tallafa wa masu jinya, musamman a Kebbi da Abuja. A Oktoban 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Janeba, ita ce 'yar Afirka ta farko. A kudu akwai BRECAN, wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a Ibadan cikin 1997 bayan ita kanta ta warke daga cutar.

Wani zai ce matan 'yan siyasa ne, wani zai ce tattakin da ake yi a Abuja duk Oktoba akwai cakuɗa da kiɗa. Ni ba na zuwa tattaki, kuma ba kowane salo na wayar da kai ne ya dace da garuruwanmu ba. Amma ban ga yadda rashin yardata da salon taro zai hana ni taimaka wa macen da ke jiran kuɗin kemo ba. Manzon Allah (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aike, ya kuma nuna bayan Musulunci cewa da an kira shi ga irinsa zai amsa. Ma'aunina ga kowace ƙungiya, babba ko ƙarama, tambaya uku ce: wa ke riƙe da kuɗin, a asusun wane asibiti suke sauka, kuma za a iya nuna mini rasit? Wadda ta amsa, ina ba ta abin da ya sauwaƙa daga ɗan abin da nake samu. Wadda aikinta ya ƙare a hoto da riguna, Allah Ya ba da sa'a. A kula kuma da masu yawo da hoton gyambon mata a Facebook da WhatsApp suna neman taimako. Wasu gaskiya ne, wasu damfara, kuma ko mai gaskiyar bai halatta ya tona al'aurar marar lafiya don ya motsa zukata ba.

Saura tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi mini: ana iya ba da zakka a nan? Sai an rarrabe. Zakka tana da gidaje takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Marar lafiyar da abin hannunta bai isa maganinta ba ta shiga cikin fakirai da miskinai, wanda kuma bashin jinya ya yi masa katutu ya shiga cikin mabarta. Halal ne ka ba su hannu da hannu, ko ka wakilta amintaccen mutum ko ƙungiya da sharaɗin kuɗin su isa ga ita marar lafiyar da aka tantance. Amma buga takardun wayar da kai, hayar zaure, man mota da albashin ma'aikata, wannan gurbin sadaka ne da waƙafi, ba zakka ba, a wajen jamhurin malamai. Miji ba ya ba matarsa zakkarsa. Ɗan uwanta ko kawunta yana iya ba ta, kuma lada biyu gare shi, na sadaka da na zumunci. A mazhabarmu ana raba zakka inda ta wajaba ko kusa da nan, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa, saboda haka mai dukiya a Shagari ko Bodinga ya fara duba unguwarsu kafin ya tura Abuja.

A masallacinmu mun ware akwati guda don kuɗin mota da na gwajin farko kawai, domin a nan ne mafi yawan tafiyar ke mutuwa tun ba a fara ba. Mutum uku ke riƙe da lissafi, ana karanta shi a bainar jama'a duk ƙarshen wata, ba a ambatar sunan kowa. Mace ba ta buƙatar zuwa wurina. Ta faɗa wa malamar Islamiyyarsu, malama ta faɗa wa mai ɗakina, ni kuma in nemi maigidan mu yi magana ta maza. Limamin da yake son ganin yadda munka tsara takardar lissafin ya same ni bayan La'asar, kowace rana banda Juma'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alam.